Murar Aladu: Tarihin Cutar da ke Kai da Kawowa Tsakanin Mutum da Alade

Gabatarwa

Cikin watan Afrilu na shekarar 2009 gidajen rediyo suka soma ba da labarin wata sabuwar cuta da ta ɓulla a ƙasar Meziko, wadda aka raɗa wa suna murar aladu. Mutane da dama a ƙasar Hausa da suka ji wannan suna sai hankalinsu ya kwanta, domin a ganinsu wanda ba ya kiwon alade, ba ya cin namansa, ba ya ko kusantarsa, babu abin da ya haɗa shi da ita. Amma kafin shekarar ta ƙare cutar ta kewaye duniya, ta shiga har ƙasashen da ba a kiwon alade ko kaɗan. Waɗanda ta kama kuwa daga tari da atishawar 'yan'uwansu mutane suka same ta.

Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihin wannan cuta tun daga shekarar 1918. Abin da tarihin ya nuna shi ne, hanyar da ke tsakanin mutum da alade hanya ce ta zuwa da dawowa, kuma galibi mutum ne ke fara kai wa alade cutar, alade ya ajiye ta shekara da shekaru, ta gauraya da wata a jikinsa, sa'an nan ya mayar wa mai ita. Sau uku hukumomi suka yi karo da wannan al'amari, watau a 1918 da 1976 da 2009, kuma kowane karo sunan cutar ya ruɗe su ta wata fuska dabam.

Tun da farko ya kamata a rarrabe murar aladu da zazzaɓin aladu na Afirka. Shi wannan zazzaɓi yana karkashe garke ƙwarai da gaske, kamar yadda ya yi a gonakin da ke kusa da Ikko a 2020, amma ba ya kama ɗan Adam. Maganar da za a yi a nan ta mura ce kaɗai.

Shekarar Marisuwa

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko wata annoba ta mura ta auka wa duniya. An ƙiyasta ta kama kashi ɗaya cikin uku na mutanen da ke raye a lokacin, ta kashe kimanin miliyan 50. Turawa suka kira ta murar Sifen, alhali ba a can ta taso ba. Dalili kuwa shi ne ƙasar Sifen ba ta cikin yaƙin, saboda haka jaridunta suna da damar buga labarin cutar, su kuwa ƙasashen da ke yaƙi suka danne nasu labarin don kada abokan gaba su ji.

Annobar ta shigo Afirka ta Yamma ta teku. Ran 15 ga Agusta 1918 wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Mantua ya tsaya a Firitawun ta ƙasar Saliyo da majinyata a cikinsa. Tsakiyar watan Satumba wani jirgi mai suna Bida ya sauke ta a Ikko. Daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa, wadda ba ta fi shekara bakwai da isowa Kano ba, ta kuma bi koguna da hanyoyin fatake, har ta kai biranen Arewa cikin watan Oktoba. Masana tarihi sun ƙiyasta mutum wajen 500,000 suka mutu a Nijeriya, cikin jama'ar da ba ta wuce miliyan 18 ba. Hausawa suka sa mata suna marisuwa, kuma an daɗe dattawa suna lissafin shekarun haihuwa da na mutuwa daga shekarar marisuwa, kamar yadda akan yi da shekarar fara ko ta yunwa.

A daidai wannan lokaci, can a jihar Ayowa ta Amurka, wadda ta fi kowace jiha kiwon aladu, wani abu ya faru wanda ba a kula da shi sosai ba. An yi wani babban baje kolin aladu a garin Cedar Rapids a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, sai dabbobin suka kama tari da zazzaɓi da majina, suka kwanta suna haki. Wani likitan dabbobi na gwamnati, J. S. Koen, ya zaga gonaki ya lura cewa in cutar ta shiga iyalin manomi, ba a daɗewa sai ta bayyana a garkensa, wani lokaci kuma garken ne ke farawa. Makiyaya ba su taɓa ganin irin wannan cuta a jikin alade ba kafin wannan shekara. Koen ya yanke hukunci cewa cuta ɗaya ce, ya kira ta da sunan murar mutane.

Masu cinikin naman alade suka yi masa ca, domin suna tsoron in jama'a suka ji an haɗa sunan alade da annobar da ke cika maƙabartu, kasuwarsu za ta faɗi. Wannan shi ne kuskure na farko: an ƙi sunan saboda tsoron hasara, aka so a rufe maganar. Annobar ta lafa a cikin mutane bayan 1919, amma a cikin aladun Ayowa ba ta tafi ba. Kowace shekara da shigowar sanyi sai ta dawo.

Yadda alade ya tona asirin mura

A zamanin marisuwa likitoci ba su san ainihin abin da ke kawo mura ba. Tun 1892 wani masani Bajamushe, Richard Pfeiffer, ya ga wata ƙwayar bakteriya a majinar masu mura, aka ɗauka ita ce sanadi. Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Richard Shope, wani likita haifaffen Ayowa da ke aiki a Cibiyar Rockefeller a garin Princeton. Ya ɗebo majina daga aladu marasa lafiya, ya tace ta da wani mataci mai ƙananan ƙofofi ainun, wanda bakteriya ba ta iya ratsawa. Da ya ɗiga tataccen ruwan a hancin aladu masu lafiya, sai suka kamu. Ashe akwai wata halitta da ta fi bakteriya ƙanƙanta, irin wadda ake kira bairos. Ya kuma gano cewa in bairos ita kaɗai ce, cutar takan zo da sauƙi, amma in ta haɗu da bakteriya sai ta yi tsanani. Ya buga sakamakon bincikensa a 1931.

Bayan shekara biyu, a 1933, waɗansu masana uku a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka bi sawun Shope suka samo bairos ta murar mutane, ta hanyar sa wa wata 'yar dabba mai kama da tunku, wadda Turawa ke kira faret. Ke nan a jikin alade aka fara kama ƙwayar mura, kafin a kama ta a jikin mutum.

Abin da ya biyo baya ya fi ban mamaki. Duk wanda ya yi wata cuta ya warke, jininsa kan riƙe garkuwar da ta san wannan cuta. Da aka gwada jinin mutane da bairos ɗin aladun Shope a tsakiyar shekarun 1930, sai aka ga jinin manya yana kashe ta, na ƙananan yara kuwa, waɗanda aka haifa bayan annobar, ba ya yi mata kome. Manyan nan mazauna birni ne, ba makiyaya ba. Fassarar da Shope da Laidlaw suka yi ita ce, ƙwayar da ke jikin aladun Ayowa jikanyar marisuwa ce, jinin manya ya gane ta ne domin ya taɓa haɗuwa da kakarta.

An jima kafin a tabbatar da wannan. A 1997 Jeffery Taubenberger da abokan aikinsa suka soma karanta kayan gadon ƙwayar 1918 daga guntayen huhun sojojin da suka mutu a annobar, waɗanda aka adana a ma'ajiyar sojan Amurka. Wani tsohon likita, Johan Hultin, ya ƙara musu da abin da ya samo a wani kabari cikin ƙanƙara a ƙauyen Brevig Mission na Alaska. Suka kammala aikin a 2005, aka ga lalle murar aladu ta Amurka da marisuwa tsatsonsu ɗaya. Akasarin masana sun tafi a kan cewa mutane ne suka sa wa aladu a 1918.

Tukunyar gauraye

Domin a fahimci sauran labarin, tilas a ɗan yi bayanin yadda wannan ƙwaya take. A bayanta akwai waɗansu ƙayoyi iri biyu. Na farko ana yi masa alama da harafin H, shi ne mabuɗin da take buɗe ƙwayar halittar jiki da shi ta shiga. Na biyu, N, shi ne wanda ke yanke mata hanya ta fita bayan ta hayayyafa. Daga nan aka sami sunaye irin su H1N1 da H3N2. Marisuwa H1N1 ce. Asalin gidan wannan dangi duka shi ne tsuntsayen ruwa, irin su agwagin daji.

Kayan gadon ƙwayar kuma ba a dunƙule suke ba, gutsure takwas ne. Idan ƙwayoyi biyu mabambanta suka shiga ƙwayar halitta guda a lokaci guda, 'ya'yan da za su fito suna iya ɗaukar gutsure biyar daga wannan, uku daga waccan, su zama wata sabuwar aba wadda jinin kowa bai san ta ba. Haka aka sami annobar 1957, H2N2, da ta 1968, H3N2, inda murar mutane ta ari gutsattsari daga murar tsuntsaye.

To, ina za a haɗu a yi wannan musaya? Mabuɗin murar tsuntsaye ba ya cika shiga kwaɗon da ke hanci da maƙogwaron mutum, haka nan na mutum ba ya cika shiga na tsuntsu. Shi kuwa alade hanyar numfashinsa tana da kwaɗo iri biyun. Saboda haka a 1985 wani masani Bajamushe, Christoph Scholtissek, ya kira alade tukunyar gauraye. Daga baya an gano ba alade kaɗai ke da wannan hali ba, amma yawansa da cunkoson da ake kiwonsa a ciki sun sa ya fi sauran dabbobi muhimmanci a wannan fage.

Akwai kuma wani dalili. Mutum yakan rayu shekara saba'in, ya yi mura sau da yawa, saboda haka dole ƙwayar ta riƙa sauya kama kafin ta sake kama shi. Aladen kasuwa kuwa wajen wata shida ake yanka shi, kullum garke cike yake da sababbin 'ya'ya marasa garkuwa, ƙwayar ba ta da bukatar sauya kama da sauri. Shi ya sa H1N1 ta ɓace daga cikin mutane a 1957, ba ta sake bayyana ba sai 1977, amma a cikin aladu ta zauna kusan yadda take. Alade ya zama rumbun da ake ajiye tsofaffin cututtukan mutane har a haifi zuriyar da ba ta san su ba.

Barikin Fort Dix, 1976

Cikin Janairu 1976 mura ta ɓarke tsakanin kuratan soja a barikin Fort Dix na jihar New Jersey. A farkon Fabrairu wani kurtu ya tashi daga jinya ya bi 'yan'uwansa tattakin dare, ya faɗi, ya mutu. Da aka bincika sai aka ga murar aladu ce, H1N1. Soja 13 suka yi ciwo mai tsanani, gwajin jini kuma ya nuna ta kama wajen 230. Babu alade a barikin. Ke nan daga mutum zuwa mutum take tafiya.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hukumomin lafiya na Amurka suka tuna da 1918, suka tuna cewa waccan ma a barikokin soja ta yi ƙarfi, kuma duk wanda bai kai shekara hamsin ba ba shi da garkuwarta. Shugaban cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, David Sencer, ya rubuta wa gwamnati takarda cikin Maris yana neman a yi wa kowa da kowa allura. Ran 24 ga Maris Shugaba Gerald Ford ya fito gaban 'yan jarida, tare da Jonas Salk da Albert Sabin, mashahuran masanan da suka samo rigakafin shan inna, ya nemi majalisa ta ba da dala miliyan 135 domin a yi wa kowane namiji da mace da yaro rigakafi.

Akwai waɗanda suka ba da shawarar a haɗa allurar a ajiye, kada a soma yi sai an ga cutar ta sake motsi. Ba a bi shawararsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da sauran ƙasashe suka zaɓi su jira su gani. Watanni suka shuɗe, cutar ba ta fita daga barikin ba, amma shirin ya riga ya kama hanya, babu wanda ya tsaya ya sake auna shi. Kamfanonin inshora suka ƙi tsaya wa masu haɗa allurar, al'amarin ya cije, sai ga wata baƙuwar cutar huhu ta kashe tsofaffin sojoji da suka halarci wani taro a Filadelfiya. Aka yi zaton murar ce ta iso, majalisa ta yi gaggawar yin doka cikin Agusta, gwamnati ta ɗauki nauyin diyyar duk wanda allurar ta cutar. Daga baya aka gano wata bakteriya ce dabam ta kashe tsofaffin sojojin.

Aka soma allura ran 1 ga Oktoba. Cikin mako goma aka yi wa mutum fiye da miliyan 40. Sai rahotanni suka fara zuwa na wata cutar shanyewar gaɓoɓi da ake kira Guillain-Barré. Lissafi ya nuna allurar tana ƙara kimanin mutum ɗaya cikin kowane 100,000 da aka yi wa. Da a ce annoba na kashe dubbai, da wannan hasara ce da za a iya jurewa. Amma babu annoba. Ran 16 ga Disamba aka dakatar da shirin. Mutum ɗari da dama sun kamu da shanyewar, wajen 25 sun mutu, Sencer kuma ya rasa muƙaminsa a 1977.

Sabuwar gwamnati ta sa malamai biyu na Jami'ar Harvard, Richard Neustadt da Harvey Fineberg, su binciki abin da ya faru, suka fitar da rahotonsu a 1978. Babban laifin da suka gani shi ne an haɗa hukunci biyu an yanke a zama ɗaya, watau hukuncin haɗa allura da hukuncin yi wa jama'a, ba a kuma ajiye ranar da za a zauna a sake duba hujjoji ba. Wannan shi ne kuskure na biyu: sunan alade ya tuno da marisuwa, tsoro ya rinjayi lissafi.

Annobar 2009

Yayin da hankali ya kau daga kan aladu, abubuwa suna ta canzawa a cikin garke. A 1979 wata murar tsuntsaye ta shiga aladun Turai ta zauna. A 1998 aka ga wata sabuwar ƙwaya a aladun Amurka mai gado daga wuri uku: tsohuwar murar aladu jikanyar marisuwa, da murar mutane H3N2, da murar tsuntsaye. Wannan zamani ne kuma da kiwo ya koma hannun manyan kamfanoni, ana tara dubban aladu ƙarƙashin rufi ɗaya, ana safararsu da rai daga nahiya zuwa nahiya.

Cikin Maris da Afrilu 2009 asibitocin Meziko suka cika da samari da 'yan mata masu ciwon huhu. A tsakiyar Afrilu aka gano ƙwayar a jikin yara biyu a kudancin Kalifoniya, waɗanda ba su taɓa kusantar alade ba. Da aka karanta gutsattsarinta takwas, sai aka ga shida daga aladun Amurka suke, biyu daga aladun Turai da Asiya. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa a aladun tsakiyar Meziko aka yi wannan gauraye, bayan an shigo da dabbobi daga Amurka da Turai, kuma kakannin ƙwayar sun yi shekaru suna yawo a garke babu mai dubawa.

Ran 11 ga Yuni 2009 shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya, Margaret Chan, ta ba da sanarwar cewa annoba ta game duniya, karo na farko tun 1968. Ran 10 ga Agusta 2010 aka ce ta wuce. Mace-macen da aka tabbatar a ɗakin gwaji kimanin 18,500 ne, amma wani ƙiyasi da aka buga a 2012 ya sa adadin tsakanin 151,700 da 575,400 a shekarar farko. Kashi 80 cikin ɗari na mamatan ba su kai shekara 65 ba. Tsofaffi da yawa sun tsira domin jininsu ya san dangin marisuwa tun suna yara, daidai da abin da Shope ya gani shekara saba'in da suka gabata. Ƙiyasin ya kuma nuna wajen rabin mace-macen a Afirka da Kudu maso Gabashin Asiya suka auku, inda gwaji ya yi ƙaranci, inda kuma allurar ba ta isa ba sai bayan cutar ta ci ƙarfinta.

An bar jaki ana dukan taiki

Kuskure na uku a ƙasar Masar ya fi fitowa fili. Ran 29 ga Afrilu 2009 gwamnati ta ba da umurnin a yanka duk aladun ƙasar, kimanin 300,000, alhali ba a sami ko mutum ɗaya ko alade ɗaya mai cutar a ƙasar ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce wannan kuskure ne, ba a saurara ba. Masu aladun galibinsu Kiristoci Kibɗawa ne matalauta da ake kira zabbalin, mazauna gindin dutsen Muƙaɗɗam, waɗanda sana'arsu ita ce kwashe sharar Alƙahira gida gida, su ware abin sayarwa, su ciyar da aladu da ragowar abinci. Da aka kashe dabbobin sai suka daina kwasar ragowar, shara ta taru a titunan birnin. Cutar kuwa ta shigo Masar cikin Yuni ta filin jirgin sama, a jikin matafiya.

Ba Masar kaɗai ba ce. Rasha da Sin suka hana shigo da naman alade daga Meziko da waɗansu jihohin Amurka, ko da yake mura ta numfashi take bi, dafaffen nama ba ya ɗauke da ita. A gidan namun daji na Kabul aka killace alade guda ɗaya tak da aka sani a ƙasar Afganistan. Ganin haka, a ƙarshen Afrilu Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina amfani da sunan murar aladu, a 2015 kuma ta fitar da ƙa'idar cewa kada a riƙa raɗa wa sababbin cututtuka sunan dabba ko ƙasa ko al'umma.

Inda aka kalli mutum maimakon alade, an fi dacewa. Aikin hajjin 2009 ya faɗo a ƙarshen Nuwamba, cutar tana tsakiyar ƙarfinta. Tun cikin Yuli ministocin lafiya na ƙasashen Larabawa suka zauna a Alƙahira suka ba da shawarar yara 'yan ƙasa da shekara 12 da tsofaffin da suka haura 65 da masu ciwo mai naci su jinkirta tafiya. Tunisiya ma ta dakatar da alhazanta a wannan shekara. Saudiyya ta zuba ma'aikatan lafiya a filayen jirgi da masaukai. An yi aikin an gama ba tare da babbar ɓarna ba, ko da yake alhazai kaɗan sun rasu da cutar, cikinsu har da wata yarinya 'yar Nijeriya.

Komawar cuta cikin garke

Tun cikin Mayu 2009 aka sami sabuwar ƙwayar a wani garke a lardin Alberta na Kanada, daga nan kuma aka yi ta samunta a garkunan nahiyoyi dabam dabam, ciki har da arewacin Kamaru da Nijeriya da Togo da Kenya. Mutane ne suka kai musu. Wani bincike da aka buga a 2023 ya ƙirga cewa a Amurka kaɗai ƙwayar ta tsallaka daga mutum zuwa alade wajen sau 370 tsakanin 2009 da 2021. In aka auna, murar mutane ta sha shiga aladu ta yi gida, amma sau ɗaya tak aka tabbatar murar aladu ta shiga mutane ta game duniya.

Wannan bai sa a saki jiki ba, domin abin da aka zuba a tukunya yana ci gaba da gauraya. A 2012 mutum 309 suka kamu da wata murar aladu a Amurka, galibinsu yara da suka je baje kolin dabbobi. A 2020 masana a ƙasar Sin suka ba da rahoton wata ƙwaya da suka kira G4, wadda aka ga alamarta a jinin kimanin kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatan gonakin aladu da aka gwada. Cikin Oktoba 2024 aka sami murar tsuntsaye H5N1 a jikin alade a wata ƙaramar gona a jihar Oregon, inda ake kiwon aladu da kaji wuri ɗaya. Ita wannan H5N1 ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, domin a Jaji ta jihar Kaduna aka fara ganinta a nahiyar Afirka, cikin Fabrairu 2006. A kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da Adamawa ana kiwon aladu, akwai babbar kasuwarsu kusa da Kafanchan, a ƙauyuka da yawa kuma alade da kaza da agwagwa wuri ɗaya suke kiwo.

Kammalawa

Daga wannan tarihi akwai abubuwan da suka shafi ma'aikacin gwamnati da ɗalibin da zai gaje shi. Na farko, likitan dabbobi da likitan mutane aikinsu ɗaya ne a wannan fage. Koen ya ga abin da likitocin mutane ba su gani ba, ƙwayar 2009 kuma ta girma ne a garken da babu mai gwada shi. Kuɗin da za a kashe wajen ɗibar majinar dabbobi a kasuwa da mahauta bai kai na kwana ɗaya na annoba ba. Na biyu, kariya ta fuska biyu ce: ma'aikacin da ke mura kada ya shiga garke, kada kuma a haɗa alade da tsuntsaye a shinge guda. Na uku, makiyayin da ya san za a kashe masa dabbobi ba diyya zai ɓoye cuta, saboda haka hukumar da ta mai da shi abokin gaba ta toshe idonta da hannunta. Na huɗu, hukunci a lokacin ruɗani a yanke shi daki daki, a sa ranar sake dubawa, a kuma gaya wa jama'a gaskiyar amfanin allura da haɗarinta, domin amana in ta zube tana da wuyar kwasa.

Wanda ba ya kiwon alade yana da 'yancin ƙin kusantarsa, amma wannan ba zai hana shi shaƙar numfashin maƙwabcinsa a mota ko a kasuwa ba. Ƙwayar 2009 ba ta tafi ko'ina ba. Ta zama ɗaya daga cikin murar da ke zagayowa kowace shekara, kuma ƙayar H da ke bayanta ta gado ce daga marisuwar da ta bi jirgin ƙasa zuwa Kano a 1918, ta yi shekara casa'in a jikin aladun wata nahiya, sa'an nan ta dawo.